Ba a Juya wa 'Yan Kallo Ƙeya

Crispin Audley ɓarawo ne. Ba kuɗi ya ɗauka ba, fuskar tsohuwa ya nemi ya sace wa 'yan kallo.

Tsohuwar ita ce Winifred Askew. Mu mutanen Leeds mun san ta tun tana fitowa a 'yar aiki mai kawo shayi a wasan kwaikwayo, kafin masu fim su tafi da ita Landan ta yi suna. Da gwiwoyinta suka gaza, sai ta dawo ta yi wasanta na ƙarshe a dandalin da ta fara. A zamanin, gidan wasan warin fenti yake yi da na jiƙaƙƙun rigunan sanyi, kuma yara sun san manya.

Ƙa'ida ce, ƙaramin ɗan wasa ba ya ja da baya idan babba yana masa magana, don in ya ja, dole babban ya juya ya ba jama'a ƙeya. Crispin, mai fitowa a ɗanta, ya san haka sarai. Tun a wajen gwaji ya fara ja mata da baya.

"Ɗan nan, ƙaiƙayi ƙafarka take yi?" in ji Winifred.

"Wasan zamani ke nan, Uwargida. An daina tsayawa kamar gunki."

"To, madalla. Ni kuwa da gunkin tare muka girma."

Ranar Asabar da rana zauren ya cika. Aka zo wurin da uwa ke sallamar ɗanta zai tafi aikin jirgin ruwa, jawabin da kowa ya zo dominsa. Crispin ya sulale baya har jikin labule, yana jira ta juyo.

Ba ta juya ba. Ta dubi wurin da ya kamata ya tsaya, ta miƙa hannu ta shafa iska kamar kuncinsa ne, ta yi sallamarta tana fuskantar jama'a. Matan da teku ta cinye wa 'ya'ya suka fara share hawaye. Da Crispin ya buɗe baki daga can baya, wani dattijo a kujerun sama ya ce, "Wane ne kuma wancan?"

A yammacin nan manaja ya sallame shi. Babu gidan wasan da ya sake ɗaukarsa. Kafet ya koma sayarwa a Bradford har ya tsufa.