Yaya da Bakin Tanki

Sana'armu wankin tankin ruwa ce, ni da yayana. Ba sana'ar da ake yi wa kirari ba ce, amma da ita muka yi aure, da ita muke ciyar da gidaje biyu. Aikin na mutum biyu ne. Ɗaya ya shiga ciki da buroshi da bokiti ya kankare dattin da ya kwanta, ɗaya ya tsaya a sama riƙe da igiya, yana kula da injin zuƙe ruwa, yana kuma kasa kunne ga numfashin na ciki.

Da can karɓa-karɓa muke yi. Sai Yaya ya fara ajiye tumbi, a hankali a hankali, har ranar da muka hau saman wani bene ya zura ƙafafunsa a bakin tanki, ya sauka har zuwa tumbin, ya maƙale a nan. Bai shiga ba, bai fito ba. Sai da na shafa masa sabulu, ni da maigadin gidan muka kama hammatarsa muka ja, sannan ya fito yana huci yana zagin wanda ya ƙera tankin. Tun daga ranar na zama na ciki, ya zama na sama.

Ban damu ba, ni da ma siriri ne kamar tsinken tsintsiya. Ƙirjina ne ya damu. Tun ina yaro nake da asma, maganin da muke wanke tanki da shi kuwa ko da takunkumi a fuska sai ya sami hanyar shiga. Tari ya fara kama ni, daga baya numfashina ya koma yana fito kamar an taka ɗan tsako. Yaya ne ya kai ni asibiti, don haka a gabansa likita ya ce idan na ci gaba da shiga tanki, wata rana sai dai a jawo ni da igiyar nan.

A hanyar komawa gida na ce ko mu ɗauki wani.

"Mu biya shi da me?" in ji Yaya. "Kuma wa zai buɗe wa baƙo ƙofar gidansa? Fuskarmu suka sani." Ya kalli titi, sannan ya ce, "Ka ba ni lokaci, Auta. Ni zan koma ciki."

Na so in yi dariya, amma da na ga fuskarsa na haɗiye ta.

Da gaske yake ashe. Matarsa, wadda nake kira Anti, ta rage masa shinkafa zuwa rabi, ta ɓoye gwangwanin sukari. Kowace safiya ya ɗaura takalmi ya zagaya unguwa yana gumi, yara na bin sa da ido. A shagonmu akwai zoben bakin wani tsohon tanki da muka yanke, shi ya mayar ma'auni. Sai ya tsaya a cikinsa ya ja shi sama kamar mai saka wando, ya ga inda zai tsaya. A kantin magani na bakin layinmu kuma akwai sikeli, can yake hawa duk ƙarshen mako.

Da farko abin kamar wasa. Kilo ya yi ta zuba, wuyansa ya fito, aka ƙara wa bel ɗinsa huda biyu. Yaya ya fara yi wa masu ƙiba nasiha a bakin hanya ba tare da sun tambaye shi ba. Sai kuma komai ya tsaya cak. Mako ya wuce, wata ya wuce, wani watan ya bi shi, sikeli ko gezau. Zoben ma kullum a wuri ɗaya yake maƙalewa, ƙasa da cibiya kaɗan, kamar an yi masa alama.

Ni kuwa ina ta shiga tanki, don ciki ba ya jiran kowa ya rame.

Yaya ya rasa wanda zai kama. Ya fara da mai kantin magani, wata dattijuwa da ta yi aikin jinya shekaru kafin ta buɗe kantin. Ya ce sikelinta ya lalace. Ta ɗora buhun gishiri a kai ta nuna masa lafiyarsa ƙalau.

"Me kake ci a wajen aiki?" ta tambaye shi.

"Ni da nake aiki, ina na ga lokacin ci?"

Daga nan ya koma kan Anti. Ya ce tana zuba mai a miya a ɓoye don ba ta son ya rame. Anti da ta hana kanta da yaranta soye-soye saboda shi, ta yi kuka sosai a ranar. Ya daina cin abincin dare gaba ɗaya, ya koma mutum mai faɗa da kujera idan ta tare masa hanya. Duk da haka sikeli bai san yana yi ba. Wata rana na same shi a shago zaune, zoben na kan cinyarsa, ya ce mini, "Ƙila haka Allah ya halicce ni." Ban taɓa jin Yaya ya sare ba sai ranar.

Asirin ya tonu ne a gidan wata malamar makaranta. Ina cikin tanki tari ya turnuƙe ni tun ban kai rabin aiki ba, na ja igiya, na hau tsani na fito ba shiri. Ina ɗago kai na ga tire a gefen Yaya. Kwalaben lemo biyu, duk babu komai a ciki. Faranti biyu, ɗaya an share shi tas, ɗayan saura yankan kek guda, shi ma yana hanyarsa ta zuwa baki.

"Yaya, wannan fa?"

"Matar gidan ce ta kawo."

"Na mutum nawa?"

"Biyu mana. Ba kai ka ce warin magani na kashe maka sha'awar abinci ba?"

Na faɗa, gaskiya ne, shekaru da suka wuce. Tun lokacin ban sake ganin tire ba, na ɗauka mutane ne suka yi rowa. Ashe duk gidan da muka shiga sai an kawo na mutum biyu, lemo da biskit ko kek ko burodi da bota, kafin in fito kuwa Yaya ya gama da su ya mayar da tire. Gida uku muke yi a rana, wani lokacin huɗu.

"To ai wannan ba cin abinci ba ne," in ji shi, kuma wallahi har zuciyarsa yake faɗa. "Lemo ruwa ne. Sannan idan ka mayar wa mutum tire yadda ya kawo, ka raina shi ke nan. Gobe ba zai kira ka ba. Don aikinmu nake yi."

Raina ya ɓaci irin ɓacin da ban taɓa yi da shi ba. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, ban taɓa ɗaga masa murya ba, amma ranar na buɗe baki zan ɗaga. Tari ne ya riga ni. Na durƙusa a kan siminti ina lalubar maganin asmata na shaƙawa a aljihu. Shi ya ciro mini, ya riƙe mini kai har numfashi ya dawo. Da na ɗago, kek ɗin na ƙasa tururuwa sun fara taruwa a kansa, Yaya kuma ya kasa haɗa ido da ni.

Da yamma mu uku muka je kantin magani, don Anti ta ce da ƙafarta za ta je ta ji. Ni na ba da labari. Anti ta riƙe haɓa tana kallon mijinta.

"Baban yara, ashe ni ce mai zuba mai a ɓoye?"

"Ki yi haƙuri."

"Ban ji ba, injin nan naku ya kashe mini kunne."

"Na ce ki yi haƙuri."

Mai kantin ta yi dariya har da share hawaye, sannan ta zaunar da shi. Ta ce lemo da kek na mutum biyu sau uku a rana sun fi abincin daren da yake gudu, kuma yunwar da yake kwana da ita ce ke sa shi wawure tire da rana. Ta ce ya koma cin abincinsa sau uku, ya yawaita ƙwai da wake da kifi da ganye, su ke riƙe ciki. Ta ƙara da cewa jikin da ya ragu ba ya ƙona abin da yake ƙonawa da, kuma ya riga ya saba da zagayen safiyar nan, ya daina jin sa.

"Sai ka ba shi aikin da bai sani ba. Kuna da kaya masu nauyi?"

Na ce akwai injin zuƙe ruwa, akwai tiyo, akwai tsani.

"Wa ke hawa da su sama?"

Yaya ya sunkuyar da kai. A na'urar hawa bene muke sa su, inda babu kuma ni da masu gadi muke ɗauka, shi yana gaba yana nuna hanya.

Washegari ya rungumi injin ya nufi matakala. A hawa na biyu ya zauna yana numfashi kamar ya yi tsere da mota. Na ce ya kawo in taya shi, ya harare ni. Haka ya riƙa yi kullum, injin, sannan tiyo, sannan tsani, har ya kai yana hawa biyar ba tare da ya ajiye ba. Zagayen safiya kuma ya canza masa hanya, ya koma bin titin da ke da tudu, yana sauri yana sassautawa.

Amma injin bai ba shi wahalar da tire ya ba shi ba. Ranar farko da wata tsohuwa ta fito da lemo mai sanyi yana raɓa, na ga maƙogwaronsa ya motsa. Na tsaya a kan tsani ban shiga ba, ina jira in ji. Ya sosa ƙeya, ya yi gyaran murya.

"Mama, na gode ƙwarai. Amma likita ya hana ƙanina shiga tanki, ni kuma tumbin nan ya hana ni. Rage shi nake yi. Ki taimaka mini da ruwa kawai."

Na san abin da faɗin wannan ya ci masa, mutumin da ko ciwon kai ba ya yarda yana yi. Tsohuwar ta dube shi, ta dube ni, ta ɗauke tirenta ta dawo da ruwa da kokwamba yankakke. Babu wanda ya daina kiranmu. Hasali ma labari ya zaga, har ya zama idan muka shiga gida sai an fara duba cikin Yaya kafin a nuna mana tanki. Wani mai gida ya ce shi ma zai fara hawa matakala, ko da yake ban ga alama ba.

Sikeli bai yi saurin yafe masa ba. Makonni biyu na farko bai motsa ba, Yaya ya fara haɗe rai. Mai kantin ta ce ya rabu da sikeli ya je ya tambayi zobensa, don tsoka ma nauyi gare ta. Ya je ya tambaya, zoben ya haye cibiya. Bayan haka sikelin ma ya saki, rabin kilo yau, kilo guda wani makon, ba gudu amma ba tsayawa.

Lokacin ne aikin makarantar kwana ya zo, wanda muke yi duk shekara idan ɗalibai sun tafi hutu. Tankuna shida ne a saman gini, masu ƙaramin baki, kuma a makon ƙirjina ba daɗi. Na zauna ina saka dogon takalmin roba ina addu'a a zuci. Sai na ji an zare takunkumin daga wuyana.

"Cire takalmin," in ji Yaya.

"Bakin nan ya fi zoben shago ƙanƙanta."

"Na sani. Cire."

Ya ɗaura igiya a ƙirji, ya zura ƙafafu, ya sauka matakin tsani ɗaya, biyu. Ƙugu ya wuce. Da aka zo ciki ya tsaya, zuciyata ta tsaya tare da shi. Ya dube ni ta saman takunkumi, ya ɗaga hannuwa sama, ya fitar da duk iskar da ke cikinsa, ya ɗan murɗa. Rigarsa ta goge bakin tankin, sai kawai na ga kafaɗu sun bi, kai ya bi.

Shiru. Na leƙa, duhu.

"Yaya?"

Muryarsa ta taso daga ƙasa tana amsa-kuwwa. "Auta, haka kake wanke kusurwa? Shekara nawa kana cutar yaran mutane?"

Na fashe da dariya, dariyar ta juye ta zama kuka, ban kuma yi ƙoƙarin hana ta ba tunda babu mai gani. Ƙarar buroshi ta fara, da ƙarfi, irin kankarar da ni ban taɓa iyawa ba. Yana yi yana waƙa da muryarsa marar daɗi.

Da ya gama ya hau tsani, ya ɗaga hannuwa, ya fito da kansa ba wanda ya ja shi. Jikinsa sharkaf, fuskarsa duk laka. Na miƙa hannu in karɓi takunkumin don in shiga na biyu, ko da guda ɗaya ne in rage masa. Ya buge mini hannu.

"Kai da cikin tanki har abada," ya ce. "Ɗauki igiyarka, saura biyar."

Na ɗauki igiyar na bi bayansa. Iska na kaɗawa a saman ginin, na buɗe baki na ja ta har ƙasan ƙirjina, ta shiga ta fita ba tare da ta yi ƙara ba.