Hanyar Dawowa Daga Kemis

Ba don ilimi aka ɗauke ni a tafiyar nan ba. Iyayen yara ne suka kafe cewa 'ya'yansu mata ba za su ƙetare ruwa su zauna a makarantar wata ƙasa ba sai da babbar mace a tare da su. Aka duba, aka ga ba wadda ta fi ni sanin halinsu, tunda ni ke kula da ɗakin kwanansu tun wasu malaman suna yawo ba wando. Aka yi mini fasfo, aka saya mini rigar sanyi, aka haɗa ni da malamar da ke jan ragamar tafiyar, wadda nake kira Madam Agogo a bayan idonta, don ko atishawa za ta yi sai ta duba tsintsiyar hannunta.

Ita ce ta raba mana littattafai, ta ce kowa ya riƙa ajiye abin da ya gani a ciki. Rubutuna kuwa kafin in kai ƙarshen layi abin ya wuce, sai na koma zane. Yara na zana gadoji da dogayen gine-gine, ni ina zana mutane, don gini bai taɓa yin abin da zan ba wani labari ba. Na zana shugaban makarantar da gashin da ke leƙowa daga hancinsa. Na zana mai dafa abincin masaukinmu tana yi wa direban bas ɗinmu wani kallo da ba na zumunci ba.

Ranar da abin ya faru, Madam Agogo ta kwashi yara tun da safe suka tafi makaranta, ta bar ni da guda ɗaya da ba ta jin daɗi. Allura muke ce mata, siririya ce ga tsinin baki. Tana da asma, sanyin garin kuma ya taso mata da ita. Wayoyin yara duk suna jakar Madam, dokarta ce. Tawa kuwa tun da muka sauka daga jirgi ta daina amfanin komai sai haska ƙarƙashin gado.

Da hantsi Allura ta kai abin shaƙarta baki ta matsa, ba abin da ya fito. Ta girgiza shi, ta sake matsawa. Na ji ƙirjinta yana wani kuka siriri kamar ƙofa mai tsatsa. Na sauka na bubbuga ɗakunan ƙasa, ba kowa, mai dafa abincin ma ta fita cefane. Allura ta ce akwai kemis kusa, tana ganinsa kullum daga tagar bas, mai koriyar fitila. Ta miƙo mini kwankon da ya ƙare.

“Gwaggo, wannan kawai za ki nuna musu. Kar ki tsaya gulma a hanya.”

Na ja ƙofa na murɗa makulli na ɗaure shi a bakin mayafina. Hannuna ne ya yi ba tare da ya shawarce ni ba, ban taɓa barin 'yar mutane a ɗaki ƙofa buɗe ba. Katin da aka rubuta adireshin masauki, wanda Madam ta ce kowa ya rataya a wuya, yana can jikin ƙusa a bayan ƙofar, don tun ranar farko na ce ni ba akuyar sayarwa ba ce.

Amma na yi dabara. Duk kwanar da na sha sai in buɗe littafi in ja layi biyu-uku don in gane hanyar dawowa. A wajenmu da mutane ake kwatance, ka wuce mai gyaran takalmi, ka karya wajen tela, kuma ko baɗi ka dawo nan za ka same su. To haka na yi, mutanen da na gani na riƙa zanawa. Kwanar farko wata mata ce a barandar bene, rana ta ɗaga amma tana cikin rigar barci tana busa taba, haɓarta kamar ludayi. Ta biyu wani mutum ne mai tumbi har guiwa, yana jan ɗan kare kamar ɓera, wai har an sa wa karen riga. Ta uku mata da miji ne suna cacar baki a jikin jar mota.

Mai kemis ya juya kwankon, ya yi mini tambayoyi, na kama ƙirjina na gwada masa yadda take yi. Ya ɗauko sabo ya ba ni. Ya ɗaga waya yana nuna ta yana tambayar wani abu, na ɗaga masa hannu na fice.

Da na zo inda jar mota take, babu mota, babu masu faɗa. Na ce ko gaba ne, na ƙara gaba. Gidajen duk uwa ɗaya ta haife su, tsawo ɗaya, taga ɗaya, ƙofa ɗaya. Na juyo, na shiga wani layi, ya kai ni wani mai kama da shi. Babu mai tumbi. Na ɗaga kai ina duba baranda bayan baranda, duk a rufe. Na ce to in koma wajen mai kemis, ashe so yake ya kira motar asibiti, sai na ga shi ma ban san ta inda na baro shi ba.

Nan na fara gudu, irin gudun da rabona da shi tun ina budurwa. Makullin yana dukan ƙirjina. Ko Allura ta yi ƙarfin halin rarrafowa bakin ƙofa ba za ta fita ba, ko wani ya ji ta ba zai shiga ba. Na tuna uwarta a filin jirgi ta riƙe hannuna da hannu biyu tana cewa ga amana nan. Na tare mutane, na yi musu Hausa, na yi musu ɗan guntun Turancin da nake da shi, suka ce ina ne, ni kuwa ko sunan layin ban riƙe ba. Wata ta ƙanƙame jakarta ta kauce. Wani ya miƙo mini kwalbar ruwa. Ina riƙe da numfashin yarinya a cikin leda, ban san inda zan kai mata ba.

Na zube a bencin jiran bas, littafi buɗe a cinyata, ina kuka ina kiran sunan Allah. Wata tsohuwa ce a gefena da sanda da kwandon cefane. Sai na ji tana dariya ƙasa-ƙasa. Na ɗago zan zage ta, na ga ba ni take kallo ba, zanen mai tumbin take kallo. Ta ɗora yatsa a kai ta faɗi wani suna, ta kai babban yatsa baki ta gwada mini yadda yake ɗaga kwalba. Ta san shi.

Na cafke hannunta. Na nuna mata maganin, na kama wuyana, na nuna zanen, na nuna hanya. Dariyar ta tsaya. Ta miƙe.

Ban taɓa ganin tafiya mai cin rai irin tata ba. Ta dafa sanda, ta ja ƙafa, ta huta, bakinta kuwa bai huta ba, labarin mutumin take ba ni da yaren da ba na ji. Na karɓi kwandon, na ji kamar in goya ta. Ashe layi biyu ne kacal tsakaninmu da gidansa. Ta ƙwanƙwasa da sandarta, ya buɗe, karen na haushi a tsakanin ƙafafunsa. Na tura masa littafin a fuska. Ya ga tumbinsa, wuyansa ya yi ja, ya buɗe baki zai yi masifa, na yi maza na juya shafi zuwa mai busa taba, na ɗaga masa maganin. Ya ƙura wa zanen ido. Tsohuwar ta zungure ni da guiwar hannu ta ɗaga mini gira, na gane akwai magana tsakaninsa da matar nan.

Ko takalmi bai sauya ba, da silifas ya fito. Yana gaba yana haki, ina biye, muka bar tsohuwar tana ɗaga mana sanda. Ya tsaya ƙarƙashin wata baranda ya nuna sama, ashe ta mai busa tabar ce. Daga nan na waiwaya na hango ƙofar masaukinmu, wadda na tabbata na wuce ta ina gudu ban gane ta ba.

Na hau bene da hannu da ƙafa. Ƙullin mayafin ya ƙi kwancewa, na sa haƙori. Makulli ya juya amma ƙofar ta ƙi buɗewa, akwai nauyi a bayanta. Mutumin ya sa kafaɗa ya tura a hankali har na samu na kutsa. Allura tana kwance a ƙasa, hannunta ɗaya a jikin ƙofar, leɓɓanta sun yi toka-toka, kukan ƙirjin ma ya kusa ɗaukewa. Na ɗago ta na jingina ta a jikina, na sa mata abin a baki na matsa.

“Ja, 'yar nan. Ja don Allah.”

Ba ta ja ba. Na sake matsawa. Ina jin mutumin a bayana yana magana da sauri a waya. Na shafa bayanta, na matsa, na roƙe ta, na yi mata alkawarin abubuwan da ba ni da su. Can sai kafaɗunta suka ɗaga, ta ja wani dogon numfashi mai ƙara, ta yi tari, ta sake ja.

Masu motar asibiti suka zo suka rufe mata hanci da baki da wata roba mai iska, suka sauko da ita, na shiga na zauna a gefenta. Idona na kan robar, tana yin hazo tana washewa, tana yin hazo tana washewa. Mutumin na tsaye a bakin titi da karensa a hammata har aka rufe ƙofar motar. Mun yi nisa kafin Allura ta buɗe ido sosai. Ta ɗaga robar da yatsa ɗaya.

“Gwaggo, wane ne mai tumbin nan?”

Na mayar mata da robar na danne da hannuna.

“Yi numfashi tukuna. Labarinsa da tsawo.”