Kofi Uku na Tela

Da ƙodar Tela ta gaza, likita ya ce kada ruwan da zai sha a yini ya wuce mililita ɗari bakwai da hamsin. Matarsa ta tsaya tana kallon bakin likita. Wata nas ce ta tausaya mata, ta biyo ta bakin ƙofa ta ce, "Mama, kofi uku ke nan. Kada ki ƙara, ko zai yi kuka."

Ba ta tambayi wane kofi ba. Da ta koma gida ta buɗe kabad, ta tsallake manyan, ta ɗauko ɗan kofin tangaran mai fure, wanda hannunsa ya karye. A ganinta gara ta rage da ta zarce.

Tela mutum ne mai shan ruwa kamar raƙumi. Shekara da shekaru jarka na gindin keken ɗinkinsa. Yanzu sai ya zauna bakin taga yana lasar leɓe, yana kiranta Hukumar Ruwa, yana tambaya ko yau za a kawo ko an ɗauke. Ta kan yi dariya, amma ba ta ƙarawa. Ta ɓoye buta, ta ɗaure kan famfo da tsumma. Ranar da ta kama shi yana tsotsar jiƙaƙƙen tawul, faɗa ta yi masa kamar yaro, ya sunkuyar da kai.

A makonsa na ƙarshe ya daina zolaya. Ya riƙe mata gefen zane ya ce, "Rabin kofi kawai, uwar 'ya'yana."

"Ka sha ukunka, Malam," ta ce. "Sai gobe."

Bayan rasuwarsa matar ɗansu ta zo da jariri ta taya ta zama. Wata safiya tana wanke fidar yaron, tsohuwar ta ga layuka da lambobi a jikin robar, ta tambaye ta na mene ne. Yarinyar ta ce mililita ne, kuma cikin fidar nan, ɗari biyu da hamsin, shi ne kofi ɗaya a awon asibiti.

Tsohuwar ta tashi ta ɗauko kofi mai fure, ta cika shi, ta juye a fidar. Ruwan ya tsaya can ƙasa.

"Nawa ke nan?"

"Ɗari da hamsin, Umma."

Sai ta sa aka auna mata fida uku a kwano. Ta kwashe kofi uku daga ciki, ta duba abin da ya rage. Ya cika kofin har sau biyu. Kullum hakkinsa ne, kullum tana hana shi.

Yarinyar ta yi ta cewa ba wannan ya kashe Baba ba. Ita ma ta san haka. Ta ɗauki kwanon da hannu biyu, a hankali don kada ya zube, ta kai bakin taga ta ajiye kusa da kujerarsa.