Ƙarfen da Na Fitar Daga Ruwa

Ni na fitar da ƙarfen nan daga ruwa, kowa ya sani. Shekarar da ambaliya ta ci tsohon coci, maza suna gudu da awaki a wuya, ni kuwa na koma harabar, ruwa har ƙirji, na kwance shi daga reshen bishiyar da yake rataye, na saɓo shi a kafaɗa. Guntun ƙarfen titin jirgi ne, shi ne ƙararrawarmu kafin a sayo lasifika. Ban yi boko ba, amma ruwa bai ci ni ba, kuma duk sa'o'ina maza ni na raka su makabarta.

Sai ga 'yan ƙungiyar tarihin coci, masu aikin sa kai, har gida. Shugabarsu ɗiyar ƙanwata ce, malamar makaranta da ta yi ritaya.

"Kawu, ba mu ƙarfen nan mu adana. A ƙarƙashin gado tsatsa za ta cinye shi."

Na ba su, kuma daga ranar zama ya gagare ni. In na ɗauki cokali sai in ajiye. In na fita kasuwa sai ƙafa ta kai ni ɗakin bayan coci, inda suke aiki. Ko'ina kwalaye, ga warin maganin gara, ga mata suna ɓamɓare hotunan da danshi ya manne, wani tsohon akawu yana goge littattafan waƙa shafi-shafi. Ƙarfena kuwa sun kwantar da shi a kan auduga cikin akwatin gilashi, kamar majinyaci.

"Ku rataye shi mana!" na ce.

"Kawu, doka ce. Ba a taɓa kayan nan sai da safar hannu, balle a buga."

"To me kuka adana? Ƙarfen da ba ya magana ai turken jaki ne."

Akawu ya ce, "Baba, kai ma mu sa ka a gilashin ne, ko ƙafarka ta huta?"

Na je, na dawo, na sake zuwa, har ɗiyar ƙanwata ta gaji da ni. Ta ce za a ɗauki muryarsa a waya sau ɗaya tak, a mayar da shi. Aka rataye shi a bishiyar ƙofa, aka cusa mini safa fara. Na buga kiran sujada, da sauri, a jere. Na buga na gobara. Sannan na buga na mutuwa: a doka, a yi shiru har ƙarar ta mutu, a sake dokawa.

Ban ajiye guduma ba sai ga tsohuwa mai sayar da sabulu, wadda muka yi ƙuruciya tare, ta shigo da sanda tana haki, ɗankwali a hannu. Ta tsaya ta kalle ni sama da ƙasa.

"Au, kana nan? Tsohon banza! Na ɗauka kai ne ka tafi, har na fara kuka a hanya."

"Ni? Sai na ga bayanki."

"To ranar taka fa, wa zai buga maka? Waya?"

Na duba akawu, na duba matan. Babu mai shekarun da zai san bugun nan a cikinsu.

Ɗiyar ƙanwata ta dubi akwatin gilashin. Sai ta gyara safarta, ta miƙo hannu.

"Kawo gudumar, Kawu. Yaya ake riƙewa?"

Hannunta ba ƙwari, kuma tana saurin sake dokawa. Na ce ta jira ƙarar ta mutu tukuna. Akwatin yanzu hotuna ne a ciki. Ƙarfen yana rataye a bakin ƙofa, ni kuma gobe da safe zan koma, don har yanzu ba ta iya ba.