Harafin da Ya Ɓace a Allo

Ranar gwajinta ce. Cibiyar koyon kwamfuta na neman wanda zai karɓi ajin manya, aka ce Malama ta zo ta koyar da darasi guda a gani. Shugaban cibiyar ya ja kujera can ƙarshen aji, kusa da taga, ya harɗe hannuwa a ƙirji.

Tun da aka rufe kamfanin da take yi wa aiki take zaune gidan yayarta. Da safen nan ma yayar ce ta goge mata mayafi, tana cewa, "Ki dai rage saurin maganar nan taki."

Ta haɗa kwamfutarta da babban allo, ta fara. Ta ce yau za su koya wa na'ura ƙirga harafi a cikin jimla. Za a rubuta mata madauki, wato umarnin da zai sa ta riƙa maimaita abu ɗaya: ta ɗauki harafi ta duba, in shi ake nema ta ƙara ɗaya, ta wuce na gaba, har jimlar ta ƙare.

"Wa zai ba mu jimla?"

Wani direba da ke layin gaba, wanda 'yan ajin ke kira Sarkin Musu, ya ɗaga hannu. "Baba ya sha madara. Ta gaya mana *a* nawa ne."

Ta rubuta, ta danna. Allo ya nuna shida.

Sarkin Musu ya lanƙwasa yatsunsa ɗaya bayan ɗaya. "Malama, bakwai ne."

Wata mai shagon magani ta ƙirga a fili, ita ma ta samu bakwai. Malama ta sake dannawa, shida. A gida ta gwada abin nan ya fi a ƙirga, bai taɓa ba ta kunya ba. Ta saci kallon Shugaba, fuskarsa ba yabo ba fallasa.

Zuciyarta ta raya mata ta ce kwamfutar ce ke da matsala, ta wuce gaba. Wa zai gane? Har ta buɗe baki, sai ta haɗiye.

"Kun fi ni gaskiya," ta ce. "Na'ura ba ta yin gaban kanta. Kuskuren nawa ne, ban kuma san inda yake ba tukuna. Mu nemo shi tare."

Ta ƙara layi guda da zai sa kwamfutar ta nuna kowane harafi da ta taɓa. Yatsunta suka zame, ta goge, ta sake. Haruffa suka jeru a allo, ajin na karantawa: Baba ya sha madar.

"An shanye ƙarshen madarar," in ji Sarkin Musu.

Dariya ta ɓarke. Malama ba ta yi ba, don idonta ya riga ya faɗa kan wurin. Ashe tun farko ta umarci madaukin ya tsaya saura harafi ɗaya. Jimlolin da ta gwada a gida duk da aya suke ƙarewa, ayar yake tsallakewa, shi ya sa ɓarnar ba ta fito ba. Ta bayyana musu haka, ta gyara a gabansu. Bakwai ta fito.

Da aka tashi, Shugaba ya tako har gaban teburinta tana naɗe waya.

"Kin san da kin ɗora wa kwamfutar laifi, da ba mu ƙara haɗuwa ba?"

"Na kusa, ranka ya daɗe."

Ya ɗan jinjina kai. "Litinin za ki fara. Amma direban nan, ki shirya masa. Malamai biyu ya gajiyar mana."

Ta fita bakin titi. Ta zauna kan dakalin wani shago, ta kira yayarta.