Shayin Farabiti Scrimshaw

Ana tsakiyar yaƙi da Jamus, lokacin da sabon maganin penisilin ya fi man shanu wuyar samu, wani ƙaramin soja, Farabiti Scrimshaw, ya wayi gari ɗan gata a wani asibitin sojoji kusa da Portsmouth a Ingila. Da can, rauni irin na cinyarsa sai dai a yanke ƙafar a sallame shi da addu'a. Yanzu allura ake danna masa, ruɓar tana ja da baya. Sai dai maganin ba ya zama a jiki, fitsari yake bi ya fice. Don haka Sista Maud take tara na Scrimshaw a kwalba, a tace maganin, a sake yi wa wani. Shayi kuwa, dura ake yi wa Scrimshaw don fitsarin ya yawaita.

Wanin nan shi ne Kanar Ashcombe na ɗakin hafsoshi, mutumin da ko kofin ƙaramin soja ba ya taɓawa. Bai taɓa tambayar daga ina allurarsa take zuwa ba.

Ranar da ya miƙe, ya zagayo yana dogara sanda, ya tsaya a kan Scrimshaw.

"Kai, har yanzu kana kwance? Dube ni nan. Jini ne, yaro. Mu a gidanmu ba ma mutuwar banza."

"Haka ne, yallaɓai," in ji Scrimshaw, ya sara masa daga kwance.

Kanar na ba da baya Scrimshaw ya ɗaga kofinsa.

"Sista, ƙaro shayi. Jinin gidan su Kanar ya kusa ƙarewa."