Kwalin da Baba Kailu Ya Sani

Wuƙa tana hannun Iklima, hantar rago tana kan faranti, amma idonta yana kan wayar da ta jingina da turmi. Tsakar gidansu na unguwar Bromakoté a Abidjan, wanda iyali bakwai suke zaune a cikinsa, ya turnuƙe da hayaƙin babbaka. Raguna huɗu suna rataye a jikin katanga, ruwan wanke kayan ciki yana gangarawa kwata, rediyon maƙwabta yana ta kabbarar Babbar Sallah.

"Ke, za ki yanka hantar nan ko jira kike ta gaishe ki?" in ji mahaifiyarta, Inna Laila, ba tare da ta ɗago daga tukunya ba.

Iklima ta yanka, sai dai yankan ya fito a karkace. Shekararta ta huɗu ke nan tana karatun haɗa magunguna, kuma wata bakwai tana koyon aiki a wani famasi a Treichville. Wannan makon famasin ne yake gardi, wato shi kaɗai zai kasance a buɗe a unguwar ko da sauran sun rufe. A irin wannan mako ta je ta tsaya gaban mai famasin, Madam Akissi, tana murza gefen mayafi, ta roƙi hutun kwana huɗu. Madam ta dube ta ta saman tabarau, ta ce, "Sallarku ce, je ki." Iyakar abin da ta ce ke nan. Da ma ta ɗan yi faɗa, da Iklima ta fi samun sauƙi. Tun shekaranjiya da hutun ya fara, ko ruwa ta kai baki sai ta tuna layin mutane da ke kaiwa har bakin titi, da abokin aikinta Koffi shi kaɗai a bayan kanta.

Daga ƙofar ɗaki Gwaggo Bilki, yayar babanta, ta miƙe ƙafa ta kira ta.

"Likitar gida, duba min jakata ki ba ni ɗan jan nan."

"Wane ɗan ja, Gwaggo? Yaya sunansa?"

"Oho. Ni na raɗa masa suna? Ɗan ja dai, na ciwon gwiwa."

Matan tsakar gida suka kwashe da dariya. Iklima ma ta fara dariyar, sai ta tsaya cak. Wani abu ya faɗo mata kamar an tsinke igiyar guga. Kwana ɗaya kafin hutunta aka sauke sabon kaya a famasi, ita da kanta ta jera shi. Maganin hawan jinin da suka saba sayarwa a farin kwali mai koren layi ya zo a shuɗin kwali. Magani ɗaya, ƙarfi ɗaya, kamfanin ne ya sake masa riga. Ta jera, ta goge hannu, ta tafi gida da ɗokin Sallah, ba ta tuna da Baba Kailu ba.

Baba Kailu tsohon ɗan kasuwar goro ne, mutumin Madawa, ya fi shekara hamsin a Abidjan amma Faransanci bai zauna a bakinsa ba. Ido ya yi rauni, karatun boko babu. Maganinsa da koren layin nan ya san shi. Duk wata yakan shigo da sandarsa, ya wuce kowa, ya tsaya gaban Iklima, domin ita kaɗai ce mai jin Hausa a famasin. Ita take zana masa rana a jikin kwali, alamar da safe zai sha. Ta lissafa da yatsun da ke jiƙe da jinin hanta. Tun shekaranjiya ya kamata maganinsa ya ƙare.

Ta goge hannu a zani ta kira famasi. Sai a kira na uku Koffi ya ɗauka, bayansa hayaniya kamar tasha.

"Tsohonki? Ya zo ranar da kika tafi," ya ce da Faransanci, yana haki. "Na miƙa masa, ya juya kwalin, ya ture min. Na yi bayani har da hannu, ya fita abinsa. Iklima, mutane sun cika, Madam ma ta fita. Sai anjima."

Ya kashe. Iklima ta tsaya da wayar a kunne. Kwana uku babu magani, ga naman Sallah, ga gishiri.

Inna Laila ta gama jin komai daga fuskar 'yarta tun kafin a faɗa mata. Da Iklima ta yi bayani, Gwaggo ce ta fara magana.

"Yau ɗin? Ana rabon nama? Ke kika ɗora masa ciwon?"

Inna ta jawo farantin nama. Ta zaɓi tsoka marar kitse, ta naɗe a takarda, ta sa a leda, ta danƙa wa Iklima.

"Ki ce a dafa masa ba gishiri. Wanke hannunki tukuna, kada ki shiga mota kamar mahauciya."

* * *

Ranar Sallah Abidjan takan yi wani irin sakayau. Motar da ta hau daga tashar Adjamé ta tsallake gada ba tare da cunkoson da aka saba ba, ruwan babban tafkin birnin yana ƙyalli a ƙasa, amma Iklima gani take motar rarrafe take yi. Tana ta ayyanawa a ranta abin da za ta tarar. Ta ga taron maza a ƙofar gida. Ta ga tabarmi a shimfiɗe. Ta ji ana tambaya, ina yarinyar famasin take, a ce ta tafi cin nama.

Sau ɗaya ta taɓa zuwa gidan, a wani lungu bayan babban masallacin Treichville. Babu taro a ƙofa. Ta yi hamdala a ranta, ta yi sallama. Abin da ta fara gani a bakin ɗakin tsohon shi ne takalmi baƙi mai ɗan tudu, an ajiye shi a jere. Ta san takalmin.

Madam Akissi tana zaune a kan tabarma da farar rigar aikinta, ta naɗe ƙafafu da ƙyar, domin mace ce mai jiki, ta haura sittin. Na'urar awon jini tana ɗaure a damtsen Baba Kailu, wanda yake kishingiɗe ya ɗaure kai da rawani. A gefe Jamilatu, matar ɗansa marigayi, tana tsaye ta haɗa hannu a ƙirji, idonta ya yi ja.

"Me ya kawo ki?" in ji Madam da Faransanci. "Ba hutu kike ba?"

"Madam, ni ce na manta ban faɗa..."

"Jininsa ya hau har sha tara," Madam ta katse ta, tana nuna na'urar. "Zauna. Bakinki nake bukata, ba kukanki ba."

A gurguje Jamilatu ta ba da labari, rabi Hausa rabi Faransanci, domin haihuwar Abidjan ce. Da tsoho ya dawo ranar ya ce famasi sun ƙi ba shi maganinsa, sai ta ɗauki tsohon kwalin ta tafi kasuwar Adjamé, wajen matan da ke sayar da magani a cikin daro. Nan take aka samo mata irinsa, koren layi da komai. Yau bayan an sauko Idi kansa ya fara sarawa, yana ganin jiri. Ta ruga famasi neman maganin ciwon kai. Madam ta yi mata tambaya uku, ta ɗauki jaka, ta biyo ta a ƙafa.

Madam ta miƙa wa Iklima kwalin kasuwar. Rana ta cinye launinsa. A inda ranar lalacewa take an manna wata 'yar takarda. Iklima ta ɓallo ƙwaya ɗaya, ta matsa da farce, sai ta ruguje kamar alli.

"Awa ɗaya ke nan ina lallashi," in ji Madam. "Ya ƙi shuɗin. Surukarsa ta faɗa masa, ya ce wai mai sayarwa ai haka zai ce."

Iklima ta durƙusa. "Baba, barka da Sallah."

Tsohon ya buɗe ido. "Ɗiyata? Ina kika shiga? Na zo, na iske wani ƙato yana ba ni abin da ban sani ba."

"Na yi laifi, Baba. Amma maganinka ne ya ba ka."

"A'a. Shekara shida ina shan abina, na san shi kamar tahin hannuna. Ga shi nan Jamila ta samo mini."

Iklima ta dubi kwalayen biyu. Duk kalmomin da ta haddace a makaranta suka zo mata, babu mai amfani ko ɗaya. Sai idonta ya kai kan ɗan kwandon da ke ƙarƙashin gadonsa, an rufe shi da ɗanyen ganye.

"Baba, in an kawo maka goro daga Anyama, yau a kwando, gobe a buhu, ya zama wani goro?"

"Mi ya haɗa goro da kwando? Ɓarawa ake yi a gani."

"To in kwandon mai kyau ne, ganye shar, ka ɓara ka ga sankara ta cinye cikin fa?"

"Wannan ai zamba ce. An sha yi mini ina yaro."

Ta kama hannunsa, ta zuba masa garin ƙwayar kasuwa a tafi. Sannan ta ɓallo ɗaya daga shuɗin kwali ta ɗora kusa da shi. Baba Kailu ya murza garin da babban yatsa. Ya matsa ɗayar, ta ƙi fashewa. Ya daɗe yana jujjuya ta kusa da idonsa.

"Ke kika ce shi ne?"

"Ni na ce, Baba."

"To zana mini ranar."

Madam ba ta ji abin da ya ce ba, amma da ta ga Iklima tana laluben jaka sai ta zaro biro daga aljihu ta miƙa mata. Iklima ta zana rana a shuɗin kwali, ranar ta fito kamar gizo-gizo. Tsoho ya yi bisimilla ya haɗiye.

* * *

Sun zauna da shi har aka kira la'asar. Madam ta sa aka rufe taga, ta hana shi magana, ta sake awo sau biyu. Da allurar ta tsaya a sha bakwai ta sauke numfashi, amma ta ce duk da haka sai likita ya gan shi yau. Jamilatu ta fita neman tasi.

A bakin ƙofa, Madam tana ƙoƙarin cusa ƙafa a takalmi, Iklima ta samu ta faɗi abin da ya tokare ta tun safe.

"Madam, da ban ɗauki hutun nan ba, da duk wannan bai faru ba. Gobe zan dawo aiki."

Madam ta miƙe ta dafa bango. "In na gan ki gobe, na kore ki." Ta gyara tabarau. "Saurara, 'yata. Shekara ashirin da biyu ina wannan unguwa. Rabin masu shigo min Hausawa ne. Me na iya? Sannu, da na gode. Na ɗauki tsofaffin unguwa guda na ɗora a wuyan ɗaliba, ranar da ta je gaida uwarta komai ya zube. Wannan ba laifin hutunki ba ne."

Ta zaro takardar rubuta magani, ta juya bayanta, ta ɗora a cinya.

"Faɗa min yadda ake cewa: magani ɗaya ne, kwalin ne ya canza."

Iklima ta faɗa. Madam ta rubuta da irin rubutun Faransanci, ta karanta da ƙarfi. Ɗaya ta fito daya, kwali ya fito kuwali. Daga cikin ɗaki Baba Kailu ya yi dariya har da tari.

"Ki ce mata ta kusa. Nan da Sallah mai zuwa sai mu yi mata aure a Madawa."

Da aka fassara mata, Madam ta ce a gaya masa sai jininsa ya sauko sha uku za ta duba maganarsa. Ta sake karanta jimlar sau uku, kamar 'yar aji ɗaya, ba ta ji kunyar kowa ba. Iklima ta tsaya tana kallon matar nan da ko abincin rana ba ta ci ba, ta ji a karo na farko ta san irin ma'aikaciyar da take so ta zama.

Tasi ta zo. Aka shigar da tsoho. Iklima ta kama murfin ƙofa za ta shiga, Madam ta ɗauke mata hannu.

"Gida. Uwarki tana jira."

* * *

Ta sauka a tashar Adjamé rana ta yi sanyi. Shaguna duk a rufe, amma a gefen hanyar da za ta kai ta Bromakoté matan daro suna nan a jere. Sau dubu ta bi ta gabansu ba ta tsaya ba. Yau ƙafarta ta tsaya da kanta.

Wata yarinyar mace, da sabuwar atamfar Sallah, tana tsugune gaban wani daro. Jaririn da ke bayanta ya langaɓar da kai, leɓensa a bushe. Mai daron, dattijuwa mai fara'a, ta taɓa goshin yaron da bayan hannu.

"Wayyo, ɗan nan ya sha wuya. Tun yaushe, 'yar uwa? Kwantar da hankalinki. Ja ɗin nan ki raba biyu ki jiƙa masa da safe, rawayan kuma in zai kwanta. Kin gane, ko in sake faɗa miki?"

Hausa ce tsantsa, mai laushi, ba gaggawa. Uwar yaron tana gyaɗa kai, fuskarta tana sakewa kamar wadda aka sauke wa kaya.

Iklima ta matsa taku ɗaya, tana neman ta inda za ta fara yi wa uwar gargaɗi. Kafin ta samu, uwar yaron ta ƙulle ƙwayoyin a bakin zaninta, ta yi godiya har da ɗan rusunawa, ta gyara goyo, ta shige cikin masu yawon Sallah.